Daga Kura zuwa Guri: na bi ruwan Tiga har inda ya watse

Kawuna harkar shinkafa shanshera yake yi, ya sayo ya kawo Kura a turara a kai inji a sayar, kuma 'yan shekarun nan yawancin kayansa daga ƙasar Haɗejiya yake ɗaukowa don wai tamu ta Kadawa masu manyan injina suna riga kowa kanta tun tana gona. To bana da sanyi ya shigo yaron da ke riƙe masa lissafi ya tafi hidimar aurensa, sai ya aiko aka kira ni ya ce in shirya mu je Guri. Ni dai gabas iyakata Ringim, ita ma ɗaurin aure ne ya kai ni, don haka ko tambayar me za a ba ni ban yi ba.

Ana sallame asuba muka hau mota zuwa Kano, muka ratsa gari a adaidaita zuwa tashar 'Yankaba. Sharon muka samu, N5,000 kowane mutum, kuma duk da kuɗin nan mu huɗu aka cusa a kujerar tsakiya, Kawu kam ya biya kuɗin gaba ya miƙe ƙafa abinsa. Jogana, Gezawa, duk gonakin gero da dawa ne an girbe sai kara a tsaye, ba abin labari. Shingen jami'an tsaro kuwa ba a magana, wani wurin direba ya miƙa hannu kawai a wuce, wani wurin a ce ya buɗe but a ɗaga buhu a sauke a tambaye mu ina za mu. Gaskiya ba wanda ya taɓa mu, lokaci ne dai ya tafi a banza. Ranar Lahadi ce kuma, ranar da kasuwar Gujungu ke ci, nan muka maƙale sosai, tireloli da amalanke da masu kora awaki duk a kan kwalta ɗaya, buhunan riɗi da zoɓo an jibge su har bakin titi. Da na ga motar ba ta motsi na sauka na sayo mana ƙosai na N500 na dawo ban same ta ta yi ko taku goma ba.

Bayan azahar muka shiga Haɗejiya muka sauka gidan dillalin Kawu, dattijo ne mai faram-faram, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure aka kawo tuwon shinkafa miyar kuka da kifi, kifin ma ba irin yankan nan na ganin dama da ake sa mana a gida ba, tarwaɗa ce guda a kwano. Da la'asar ɗansa ya ja ni kasuwar kifi. Tun kafin ka ga kasuwar hanci zai gaya maka ka iso. Kwali-kwali na banda an ɗaure ana lodawa za a yi kudu da su, tarwaɗa, karfasa, bargi, ƙurungu, gaiwa, wasu ma ban san sunansu ba. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne kwaɗi, wallahi kwaɗi busassu an soke su a tsinke an tara tuli guda, ana cinikinsu da gaske ana ƙirga kuɗi. Na ce wa yaron wa ke cin wannan, ya yi dariya ya ce mu dai kamawa muke yi, masu ci suna can kudu da ƙetare, kuma akwai magidantan da da kwaɗon nan suke riƙe gida. Mu da damina kwaɗi ke hana mu barci a Kura ashe kuɗi ne ke kuka.

Da dare hira ta koma tarihi, don ba ka kwana gidan Bahaɗeje ba ka ji labarin 1906 ba, yadda Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa aka yi yaƙi a cikin gari har ya yi shahada. Mai gidan ya ce masarautar ƙananan hukumomi 8 gare ta cikin 27 na Jigawa, kuma Guri da za mu ita ce can ƙurya, kana wuce ta ka faɗa Yobe. Ya ce da Kawu, "Alhaji ka dai sa yaron nan ya sayi maganin sauro." Na ce Baba ai sanyi ake, wane sauro. Bai ce komai ba.

Washegari muka hau wata tsohuwar Golf, N2,000, ta hanyar Baturiya. Daga nan ƙasa ta canza gaba ɗaya. Babu dutse ko ɗaya, babu tudu mai tsayi, fili ne shimfiɗe iya ganinka, sai jigawar yashi nan da can, sai goruba da gabaruwa, sai ruwa kwance hagu da dama yana ƙyalli. Kogin nan da muke gani a gadar Wudil a tattare yana gudu, wanda kogin Kano da na Challawa suka haɗu suka yi, yana wuce Haɗejiya sai ya rasa gangare, kamar ka kifar da bokiti a daɓen siminti kowane ɓangare ya nemi hanyarsa. Wajen Likori yake rabuwa, reshe ɗaya shi ne Marma da ke tafiya har tafkin Nguru, akwai Burum Gana, akwai tsohuwar hanyar kogin, can gaba wajen Gashuwa abin da ya rage ya haɗu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. Duk wannan wani dattijo da muka matsu tare a baya ne ya zana min da yatsa a gwiwarsa.

Shi ya fara tambayata, "Samari daga ina?" Na ce daga Kura Baba. Ya juyo ya kalle ni da kyau ya ce, "Au, ku ne masu famfon." Motar duk aka sa dariya. Sai ya nuna min wata ciyawa doguwa da ta fi mutum tsayi, ta cika ruwan ta yi duhu kilomita da kilomita ba ka ganin ƙarshenta, ya ce ka san wannan? Na ce kachalla ce mana, mu ma tana cikin kanal ɗinmu. Ya ce taku wasa ce. Ya ce lokacin yana yaro ruwa da lokacinsa yake zuwa, ƙarshen damina ya malalo ya rufe fadama, a yi shinkafa, kifi ya hayayyafa, sannan ya janye a bi danshin a shuka wake da sauransu, da rani ƙasa ta bushe ƙarau shanu su shigo su ci, duk ciyawar da ke son zama cikin ruwa rana ta kashe ta. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara da na Challawa a 1992, babbar ambaliyar ta ragu amma kuma ruwa ya daina yankewa, ana ta sako shi kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano, to shi ne kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, sai ruwan ya karkata ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, wasu kuma can da ke jiransa ya daina zuwa musu sam. Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana cikinta, su taso garke guda su sauka a gonar shinkafa, kafin ka yi ihu sun gama.

Ban bar shi haka ba ni ma, na ce Baba ai ba don Tiga ba da Kura da Bunkure da Garun Malam ba su zama abin da suka zama ba, tumatir da shinkafa da alkamar da ake ci a ƙasar nan daga ina, kuma mu manoma ba mu ke buɗe ƙofar dam ba. Ya ce ai bai ce a rushe ba, su ma yanzu da ruwan ranin nan suke alkama, abin da yake cewa kawai wanda ke sama ya riƙa tuna akwai mutane a ƙasa. A raina na ce maganarsa da ƙamshin gaskiya, don ni tunda nake ban taɓa jin an zauna a majalisarmu an yi zancen inda ruwan ke zuwa bayan ya bar gonakinmu ba. Ya ce suna yin gayya su shiga da lauje da adda su yanke ta, gwamnati ma ta kawo injinan da ke tafiya a kan ruwa suna yashe hanya, amma in aka yi sakaci shekara ɗaya ta dawo.

A Baturiya direba ya tsaya sauke kaya, na samu na leƙa. Dajin nan keɓaɓɓe ne, tun 2008 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma lokacin sanyi ne tsuntsaye ke tahowa tun daga Turai su yi hunturu a nan. Ni dai abin da idona ya gani kirinjijiya da ɗinya da balbela da wasu masu dogayen ƙafa, da suka tashi sai da sama ta yi duhu ta gefen. Mutanen gari ko ɗaga kai ba su yi ba. Muka wuce Abunabo, Kadira, titin wani wuri lafiya lau wani wuri ruwan bara ya cinye gefensa an cike da buhunan yashi, sai ga mu a Guri kafin azahar.

Garin ba shi da girma, sakatariya, kasuwa, masallacin Juma'a, masu shayi da masu cajin waya da sola, mai POS. Wani malamin firamare, ƙanin mutumin da Kawu ke sayen kaya wurinsa, shi aka haɗa ni da shi, kuma mutum ne mai son lissafi. Ya jero min mazaɓunsu 10 a ka, Guri, Kadira, Abunabo, Musari, Adiyani, Margadu, Lafiya, Dawa, Garbagal da Matara Babba. Ya ce faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 1,060 ne, ƙidayar 2006 kuma ta ba su mutum dubu 115 da ɗoriya, kuma tunda ba a sake ƙidaya ba har yau da ita ake ta aiki ko da yake yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure. Na duba tamu a waya da sabis ya ɗan zo, Kura murabba'in kilomita 206 ce kacal amma mutum dubu 144 da wani abu. Wato sun ninka mu ƙasa sau biyar mun fi su yawa. Sai dai kar wannan ya ruɗe ka ka ce fili ya yi musu yawa, babban kaso na filin ruwa ne da kachalla, mutane kuma a cunkushe suke a kan tudun da ruwa ba ya hawa. Mu a Kura ƙauye na bin titi da kanal, kana fita wannan ka shiga wancan. Su ƙauye na bin tudu ne, inda yashi ya ɗan ɗaga nan za ka ga gari, kana hango wani garin ga bishiyoyinsa ga hasumiyar masallacinsa amma tsakaninku ruwa ne, sai ka yi zagayen awa guda a babur ko ka shiga jirgi.

Jirgin muka shiga kuwa, don shinkafar da Kawu zai gani tana wani ƙauye a tsallake. Kwalekwale ne na katako, N200 mutum, babur N500, aka ɗora babura biyu da buhuna da mu, bakin jirgin saura kaɗan ya sha ruwa, wani yaro na kwarfe ruwan da ke shigowa da gwangwani ba ya ko kallonsa. Hanyar ma yanka ta aka yi cikin kachalla, lungu ne siriri, ganye na dukan fuska. Kawu da ke ta cika baki a mota sai na ji ya koma salati ƙasa-ƙasa. Muka wuce masunta a kan gora suna duba ƙugiya, da wani shinge da aka gitta a ruwa aka jera gura, wato tarkon kifi, a jikinsa, malamin ya ce dumba kenan, kuma rigima ake yi a kanta sosai don wanda ya kafa ta ya tare kifin na ƙasa da shi.

A ƙauyen ne na ga abin da ake nufi in an ce gari ya haɗa kowa. Muka fara zuwa gaida bulama, don nan mai gari bulama ake ce masa, muka tuɓe takalma Kawu ya ce ranka ya daɗe mun zo neman arziki, ya ce kun zo gida. A zauren nan kaɗai akwai Badawa, akwai Mangawa, akwai Hausawa, ga wani Bafulatani ya jingina sanda a bango yana jiran a gama da mu. Da Hausa ake magana gaba ɗaya, amma da mutum biyu sun juya ga juna sai ka ji an sauya harshe. Mangawa reshen Barebari ne, nasu na ɗan saba jin irinsa a bakin masu sayar da turare a Kano. Badanci kuwa ko kalma ɗaya ban kama ba, duk da malamin ya ce masana sun ce dangin Hausa ne, asalinsu ɗaya. Shi kansa Babade ne ta wajen uba, mahaifiyarsa Bamangiya, matarsa Bahaushiya, ya ce to 'ya'yana ka gaya min su wane ne. Ya ce manyan garuruwan Badawa suna Yobe, sarkinsu Mai Bade yana Gashuwa, su na nan suna ƙarƙashin Haɗejiya, kuma abin da ke damunsa yaran yanzu suna ji amma da Hausa suke mayarwa, jikoki kuma ko jin ma ba lallai ba.

Da, in ji shi, kusan kowa da abin da aka san shi da shi, Babade da su da noman fadama, Bamange da geron tudu, Bafulatani da shanu, Bahaushe da kasuwa da noma. Yanzu duk an cakuɗe, wanda ya samu injin ban ruwa manomin alkama ne ko shi waye, Bahaushe na jefa birgi, Bafulatanin da ya zauna yana da gonar shinkafa, manomin da ya samu kuɗi ya sayi shanu ya ba Fulani kiwo. Muna zaune wata Bafulatana ta zo da ƙwaryar nono, wani tsoho Bamange ya ce baiwata kawo in ɗanɗana kyauta, ta ce kai da kakana ya saya da igiya har ka yi baki, aka yi ta yi kowa na dariya, wasan Fulani da Barebari dai da aka sani. Fura da nonon N300 ta dama min, kindirmo ne na gaske ba ruwa, a Kura wannan sai ka ba da ninki.

Amma ba zan ce komai lafiya lau ba, don Guri da Kirikasamma sun sha shiga labarai kan rikicin manoma da makiyaya, har da asarar rai. Bafulatanin nan da ke jira ma ƙara ya kawo, wai an shuke hanyar da shanunsa ke bi zuwa mashaya. Bayan mun fito na ɗan zanta da shi, ya ce tun kakanninsu in ruwa ya janye nan suke saukowa cin rani, yanzu ko ina ka juya alkama ce da albasa da inji na ƙara, burtali ya zama gona, saniya kuma ba ta tashi sama. Manomin da muka sayi kayansa shi kuma ya ce bashi ya ci ya sayi fetur da taki, dare ɗaya garken baƙi da ba a san daga ina suke ba su shigo su share, gari na wayewa sun yi gaba, wa zai kama. Na saurari kowanne na ga ba wanda ke ƙarya. Fadama ɗaya ce, a wata ɗaya kowa ke buƙatarta, kachalla kuma ta cinye wani kason ta bar su suna ture juna a kan ragowar. Dukkansu sun yarda da abu ɗaya, Fulanin da ke zaune da su ba su ne matsalar ba, da su ake suna da jana'iza.

A ƙauyen muka kwana, aka kawo burabusko da miyar kuɓewa busasshiya da kifi banda, na ci har na ji kunya. Sannan dare ya yi. Jama'a, sanyin bakin ruwa daban ne, yana shiga ƙashi, kuma saurayen ba ruwansu da sanyi, ta cikin bargo suke cizo, ga kuka a kunne. Maganin da na ƙi saya a Haɗejiya Kawu ya saya a ɓoye ashe, ya kunna nasa a gefensa ya juya min baya. Sai wajen tsakar dare mai gidan ya ji ina ta tafi ni kaɗai ya aiko yaro da gidan sauro.

Ciniki bai ba da wahala ba, shinkafar ta bushe da kyau ba tsakuwa, na zauna da littafi ina rubuta buhu ana ɗinkewa. Wahalar fitar da ita ce. Amalanken shanu daga rumbu zuwa bakin ruwa kuɗi, jirgi N300 kowane buhu, masu dako su sauke su ɗora kuɗi, sannan motar kaya, wato kanta, daga Guri zuwa Kura, ga na kan hanya. Da na tara lissafin na nuna wa Kawu, ragin da ya samu a kan buhu kusan rabinsa ya tafi a dako, manomin kuma shi gani yake an saye masa da arha. Buhu biyu ma sun jiƙe a jirgi sai da aka shanya su a bakin titi muka zauna gadi.

Dawowa a gaban kantar muka zauna tare da direba, ba ta gudu, taya ta fashe bayan Gujungu, ba mu shiga Kura ba sai bayan isha. Kawu ya ba ni N20,000 da ɗaurin banda ɗaya na kai wa Inna, ya ce in an yanke alkama za mu koma. Na ce Kawu in dai da gidan sauro nawa na kaina, kuma wannan karon ni ma gaba zan zauna.